Tagar Momo Tursunoy

Bulo arba'in Ergash ya zo da su a bayan motarsa, da rabin buhun siminti. Ranar Juma'a da la'asar ya sauke su a gindin katangar gidan uwarsa Tursunoy, daidai ƙarƙashin tagar da take ciniki, ya jera su tsaf don ta gani. Ya ce gobe Asabar zai zauna a shagon tun daga buɗewa har rufewa. In kuɗi suka sake gazawa kamar yadda suka gaza wata uku a jere, zai toshe tagar, ya ɗauke ta zuwa birnin Karshi, gidansa na hawa na huɗu, inda ruwan zafi ke zuwa a famfo, likita kuma yana ƙasan benen.

"Ena, ba don kuɗin ba ne," in ji shi, don haka ake kiran uwa a wajenmu. "Kin san ba don kuɗin ba ne."

"To don me kake ƙirgawa?"

Ya tafi wanke hannu.

Uwar Tursunoy ta binne 'ya'ya uku kafin ta haife ta, shi ya sa aka raɗa mata sunan da ke roƙon yarinya ta zauna. Ta kuwa zauna. Shekara saba'in da huɗu, ba ta taɓa yin wata guda a wajen garinmu Karatut ba. Tana da goma sha tara aka ɗauke ta aiki a kantin gwamnati, ta yi shekara talatin da ɗaya a bayan teburinsa, tsakanin buhunan sukari da gangar kananzir. A gabanta akwai katakon lissafi, wanda aka jera wa ƙwayoyi kamar na carbi a kan wayoyi. Tana magana da mutum, yatsunta na can suna kaɗa ƙwayoyin, ƙas, ƙas, kafin ya gama ba ta labarin ciwon ƙafar surukarsa ta faɗa masa jimilla. Sau biyu a shekara masu bincike ke zuwa daga gunduma, su auna, su ƙirga, su sha shayi, su tafi. Ko tiyin ɗaya, wato kwabon lokacin, ba su taɓa samu ya ɓace ba. Ba ta da kyan da za a yi zancensa, ba ta iya waƙa ba, shinkafarta ma ba ta kai ta maƙwabta ba. Wannan ne abin da take da shi, kuma kowa ya sani.

Da ƙasa ta canja hannu, kuɗi suka canja sau biyu. Takardun da mutane suka ɓoye a ƙarƙashin katifa suka koma abin hura tanderu. Aka rufe kantin, wani ya saye shi ya zuba tumaki. Tursunoy ta ɗauko katakonta ta dawo gida, ta sa aka fasa mata katanga ta ɓangaren da ke kallon makarantar firamare. Gurasa, alewa, littafin rubutu, fensir, ashana, soyayyiyar gyaɗa a ƙunshin takarda. Manya sun fi zuwa babban shagon bakin titi. Nata masu cinikin, yaran da ke kiran ta Momo, wato kaka, sai sun yi ɗage kafin haɓarsu ta kai bakin tagar.

Abu ɗaya ne ba ta yi. A garinmu gurasa bibbiyu ake ɗauka. Ɗaya da uku da biyar na gidan makoki ne. Matan yanzu ba su damu ba, sukan aiko yaro da kuɗin uku. Yaron kuwa huɗu yake komawa da su. Ranar da tarakta ta kife da mijinta Norboy a gonar auduga, gurasa uku ta ɗaure masa a ƙyalle, saboda ta huɗun ta faɗa cikin toka. Ba ta taɓa cewa gurasar ce ta kashe shi ba. Ba sakarya ba ce. Amma tun daga ranar ba a sake miƙa gurasa mara, ɗaya ko uku ko biyar, ta hannunta ba. Muddin ita ke gasa abinta, ba wanda ya san wa ke biyan ta huɗun. A damunar shekarar nan da muke zance bayanta ya ƙi, ta daina sunkuyawa cikin tanderu, aka koma sayo gurasa wajen Holmat mai tanderu, Ergash kuma ya karɓi biyan Holmat da ƙirga akwatin kuɗi duk ƙarshen wata.

A lokacin ne ɗaya abin ya fara.

Da rana tsaka yakan zo, in haske ya ratso ganyen inabin da ke saman tagar ya zubo a kan tebur falle-falle. Sai ƙamshin sabulun wanki ya taso daga inda babu sabulu. Ɗakin ya yi tsawo, rufin ya ɗaga, ta ji sanyin simintin kanti a tafin ƙafarta. Mata sun yi layi har ƙofa da kallabinsu masu furanni, waɗanda ta raka maƙabarta ɗaya bayan ɗaya, ga su nan suna gardama a kan wa ta riga wa. Can ƙarshen layi Norboy ne, hula a hannu, yana warin man tarakta, yana yi kamar ashana ya zo saye. A waje shamuwa na kaɗa baki a kan sheƙarta. Babu abin tsoro a ciki. Daɗi ma yake da shi, kamar shiga ruwan ɗumi. Matsalar kawai, a can gurasa tiyin ashirin ce, ashana tiyin ɗaya.

Wata ranar Talata wani yaro mai suna Doniyor, ɗan aji huɗu, ya miƙo mata som dubu biyu, kuɗin yanzu, ya ce gurasa biyu. Ta dube shi daga can nesa ta ce, "Tiyin arba'in." Ta juya takardun a hannu, ta ga sun yi wa cinikin yawa, ta mayar masa da su duka, ta haɗa masa da ashana. Yaron ya yi wuf ya tafi. Da yamma uwarsa ta jawo shi da kunne har bakin taga, ta ajiye dubu ɗaya da ɗari biyu, ta ba da haƙuri, ba ta yarda sun haɗa ido ba. Rashin haɗa idon nan ne ya gaya wa Tursunoy komai.

Ta zauna ta auna abin yadda take auna sukari. Kanta ya fara yoyo, kuma ba zai daina ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta gaya wa kowa ba. Ta shiga ɗaki ta ciro tsofaffin littattafan kanti, ta yayyanke shafukan da ba a rubuta ba daidai tafin hannu. Ta kafa doguwar ƙusa a jikin katakon taga, ta ɗaure fensir da zare. Ta sa wata yarinya mai hannu mai kyau, Munisa, ta rubuta farashin kowane kaya a kwali da manyan lambobi.

Washegari ta sanar da doka.

"Daga yau wanda bai rubuta takarda ba, ba ciniki."

"Wace takarda, Momo?"

"Takardar abin da ka saya, ɗan malalaciya. Shekara huɗu kuna ɗumama benci a can, a ce ba ku iya haɗa biyu da biyu ba? Kowa ya zo ya buɗe baki kamar ɗan tsuntsu, Momo nawa ne, Momo nawa ne. Ni na biya muku kuɗin littafi?"

Ta nuna musu yadda ake yi. Layi uku daga sama zuwa ƙasa, gida huɗu: sunan kaya, guda nawa, kuɗin ɗaya, kuɗin duka. A ja layi a ƙasa, a rubuta jimilla. Ƙarƙashinta abin da ka bayar, ƙarƙashinsa abin da za a dawo maka da shi. Wanda ya rubuta ba shi zai duba ba. Na bayansa a layi ne zai duba ya sa alama. Sannan a soke takardar a ƙusa.

Canji kuwa ta hana su yin irin na makaranta.

"Malama ta ce a ɗebe, a aro ɗaya daga maƙwabci," in ji Munisa.

"Malama ta taɓa tsayawa da mutum ashirin a gabanta suna mata ihu? Ba a aro a shago. Hawa ake yi. Ki tsaya a kan jimilla, ki hau har ki kai kuɗin da aka ba ki. Doniyor, zo nan, ɓarawon gurasa, karanta taka."

Doniyor ya sunkuyar da kai ya karanta. "Gurasa biyu, dubu ɗaya da ɗari biyu. Littafi ɗaya, ɗari biyu da hamsin. Alewa uku, ɗari uku. Duka dubu ɗaya da ɗari bakwai da hamsin. Na ba da dubu biyu."

"Hau."

"Ɗari bakwai da hamsin... hamsin ta kai ni ɗari takwas."

"Ka ga takardar hamsin a garin nan tun da aka haife ka?"

"A'a."

"To me ke hamsin?"

"Ashana."

"Ɗauki ashanarka. Hau."

"Ɗari biyu ta kai ni dubu biyu."

"Ɗauki ɗari biyunka. Ka ga an mutu?"

Da farko sun yi ta ƙunƙuni. Wasu suka yi fushi suka tafi shagon bakin titi, suka dawo da suka ga nisa. Kafin sati uku abin ya zama wasa. Suna rige-rigen kama kuskuren juna. 'Yan aji ɗaya da ba su iya ba sukan nemi babba ya rubuta musu a ba shi ladan gyaɗa biyar. In babba ya zo sayayya, duk yaron da ke kusa shi ne magatakarda. In an shiga aji sai ta ja labule. Kuma in hasken nan ya zubo ta tafi can, ta buɗe baki ta ce tiyin kaza, sai su kwashe da dariya, su ce Momo ta fara gwaji, kowa ya koma kan takardarsa. Ita ba ta taɓa ce musu gwaji ba ne. Su suka yanke haka, ta bar su.

Gibin ya ragu sosai a wata na uku, amma bai rufe ba. Shi ya kawo bulo.

Ranar Asabar Holmat ya kawo gurasa sittin a kwando da sassafe, Ergash ya ƙirga su a gabansa kamar wanda ke zargin uban kowa. Ya ɗauki kujera ya zauna a lungun shagon da littafinsa a cinya. Mutum ne mai shekara hamsin, mai tumbi, ma'aikacin ofishin ruwa, amma kujerar da ya samu ita ce wadda yake zama a kai yana yaro, gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa.

Aka kaɗa ƙararrawar tara, don a garinmu har Asabar ana makaranta. Yara suka kwararo, suka tarar da bulo a wurin tsayuwarsu, suka hau kai ba tare da sun tambayi na wane ne ba. A karon farko Tursunoy ta ga wasu daga cikinsu har ƙirji.

"Momo, wane ne wancan?"

"Ɗana ne. Ya zo koyon lissafi."

"Da wannan furfurar?"

"Bai da kai. Ku yi masa a hankali."

Ergash ya yi kamar bai ji ba. Ya zuba ido yana kallon takardu na sauka a ƙusa. Wata 'yar aji biyu ta haɗa ɗari shida da ɗari shida ta samu ɗari goma sha biyu, ta tsaya tana kallon abin da ta rubuta, na bayanta ya ce, "Dubu da ɗari biyu ke nan, dabba," ta juya ta make shi da littafi, aka raba su. Tursunoy na miƙa kaya, tana karɓa, tana buɗe akwati, yaro ya faɗi canjinsa da ƙarfi yana hawa, ta ba shi abin da ya faɗa. Katakon lissafi na gefenta, hannunta a kai, ba ta kaɗa ko ƙwaya ɗaya ba. Wannan Ergash ya lura da shi.

Ta yi ta riƙe kanta har azahar. Ta ƙi kallon tebur, ta tsunkuli cinyarta, ta sha shayi mai ɗaci. Amma bayan an tashi makaranta iska ta motsa ganyen inabi, hasken ya zubo, ƙamshin sabulu ya taso. Ta ji shamuwa, alhali shamuwa ta bar sheƙarta a kan turken lantarki tun watan jiya. Layin ya miƙe har ƙofa. Yau Norboy ba ya ƙarshe, ya matso, saura mutum biyu ya iso. Yarinyar da ke gabanta ta ce gurasa huɗu da ashana.

"Tiyin tamanin da ɗaya," in ji Tursunoy, a fili, da muryar 'yar shekara talatin.

Munisa ce. Ko kai ba ta ɗaga ba. "Dubu biyu da ɗari huɗu da hamsin, Momo. Ba za ki kama ni ba yau." Ta miƙa wa Doniyor ya duba, ya sa alama, ta soke a ƙusa. "Na ba da dubu uku. Ashana ta kai ni ɗari biyar, ɗari biyar ta kai ni dubu uku. Kawu, ka gane, ko in sake?"

"Na gane," in ji Ergash.

Da la'asar aka ja labule. Munisa da Doniyor suka ƙi tafiya, suka ce su ke haɗa takardun Asabar. Ergash ya zare takardun daga ƙusa, ya haɗa su a wayarsa, yaran suka haɗa da fensir, aka samu abu ɗaya. Ya juye akwati ya ƙirga. Kuɗin akwati da jimillar takardu suka zo daidai, ko ashana ba ta ɓace ba. Sannan ya leƙa kwando, babu gurasa ko ɗaya, ya lissafa kuɗin sittin.

"Dubu huɗu da ɗari biyu babu," in ji shi. "Kuɗin gurasa bakwai."

"Ai suna nan," in ji Munisa. Ta bi takardun da yatsa ta ware guda bakwai. A kowace, ƙarƙashin gurasa ɗaya ko uku, akwai ƙarin layi da rubutun yara: gurasar cike, ɗaya, sifili. "Momo ta ce duk abin da ya fita ta taga sai an rubuta, ko na banza ne."

Ergash ya daɗe yana kallon takardun. Yana da shekara goma sha ɗaya ranar da aka dawo da ƙyallen ubansa daga gona, kuma shi ya kwance shi.

"Ena, kullum kike wannan?"

"Tun kafin ka fara aske gemu. Wannan ba kuskure ba ne. Da saninna nake yi, kuma ba zan daina ba. In Holmat ya dame ka, cire daga kuɗin fanshona."

Ya sallami yaran da alewa bibbiyu. Doniyor ya tsaya sai da ya rubuta takarda ya sa sifili. Da suka tafi, Ergash ya ɗauki kwalin farashi ya kife shi a kan tebur. Ya ɗauko ashana ɗaya ya ajiye a gabanta.

"Nawa ce, Ena?"

Ta dubi ashanar. Za ta iya yi masa faɗa, ta ce shi wa ye da zai yi mata jarrabawa, da kuwa ya yi shiru. Amma shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa ɓoye wa mai bincike gibi ba.

"Tiyin ɗaya ce ke zuwa mini," ta ce. "Na san ba haka ba ne. Ta gaskiyar ta tafi, wani lokaci ta dawo. Su sun sani. Shi ya sa na koya musu."

"In sun gane fa?"

"Munisa ta gane tun tuni. Ba ka ga ba ta ɗaga kai ba?"

Ya fita waje ya tsaya a kan bulon yana kallon makaranta. Ita kuma ta zauna tana jira, hannu a kan katako. Ta yi tunanin hawa na huɗu, inda taga ke kallon wata tagar, ba mai zuwa ya yi ɗage. Ta san in aka kai ta can, za ta shiga kantin nan wata rana da azahar ta ƙi fitowa, don babu wanda zai kira ta da dubu biyu da ɗari huɗu da hamsin.

Ta ji ƙarar bokiti, sannan ƙarar shebur yana kwaɓa siminti. Ba ta leƙa ba. Ta jira hasken tagar ya fara raguwa daga ƙasa. Bai ragu ba. Da ta gaji ta miƙa wuya, sai ta gan shi durƙushe, wandon ofis ya yi butu-butu, yana jera bulon sahu biyu a gindin katanga, dogon matakali daidai faɗin tagar.

"Ya karkace," in ji ta.

"Ena, ni ma'aikacin ruwa ne."

"Ta hagun nan. Wani zai faɗi ya fasa baki a ce ni ce."

Ya gyara. Ya ce kada a taka sai Litinin. Ya ce duk Asabar zai zo ya karanta ƙusar, kuma ranar da takardu da akwati suka saɓa, zancen Karshi ya dawo. Ya ce zuwa bazara dai, sannan a gani.

Doniyor ya taka shi tun ranar Lahadi, sawun takalminsa na nan har yau a ta hagun. Tagar ta ƙara shekara biyu da rabi a buɗe. A shekarar ƙarshe Tursunoy ba ta sanin sunan kowa, ba ta ma cika magana ba. Tana zaune ne kawai a cikin hasken, yara na rubutu, suna hawa, suna buɗe akwati da kansu. Amma in takarda ta ce gurasa uku, kafin mai dubawa ya sa alama hannunta ya riga ya shiga kwando.